Motsa Jiki da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Gigin Tsufa: Nazari kan Rayuwar Tsofaffi a Rano da Kibiya

Gigin tsufa, wanda likitoci da kafafen yaɗa labarai kan kira cutar mantuwa, lalura ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har mutum ya kasa gudanar da al'amuran da ya saba yi da kansa. Takan fara da ƙananan abubuwa: maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, rikicewa wajen lissafin canji a kasuwa, yawan rafkanuwa a salla fiye da yadda aka san mutum. Idan ta yi nisa, sai dattijo ya fito daga masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa ya rasa hanyar gida, ko tsohuwa ta riƙa kiran 'yarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Sunan da Hausawa suka raɗa mata ya ɗora laifin a kan shekaru, shi ya sa iyalai da dama ba sa ganin dalilin zuwa asibiti. Gaskiya ne yawan shekaru shi ne babban abin da ke ƙara haɗarin kamuwa, amma mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Mahaliccinsu da hankalinsu garau. Wanda ya ruɗe, ciwo ne ya same shi.

Ciwon iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, mai ɗauke da sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906, kuma ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama. Mai bi mata shi ne wanda ke zuwa ta hanyar jijiyoyin jini, inda hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ke toshe ƙananan hanyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa a tsoho ɗaya akan tarar da duka biyun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ke ɗauke da lalurar a 2021, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara. A Nijeriya, binciken da ya fi shahara shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie. An kwatanta tsofaffin Yarabawa na unguwar Idikan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis ta hanyar awo iri ɗaya, sai aka sami lalurar a kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa kashi 8.24. Daga cikin abubuwan da masu binciken suka lura da su akwai ƙarancin hawan jini, ciwon suga da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokacin. A ƙasar Hausa, wani nazari da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322, ya sami kashi 2.79. Wani lissafi da aka fitar a 2019 ya nuna adadin masu lalurar a faɗin ƙasar ya tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015.

Yadda motsi ke isa ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. Duk abin da ya taɓa zuciya da jijiyoyi, to ya taɓa ta. Nan ne hanya ta farko kuma mafi tabbas da motsa jiki ke bi: yana sauke hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana rage teɓa, yana kare mutum daga shanyewar jiki. Kwamitin masana na mujallar Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda a haɗe suke da alhakin kimanin kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. Rashin motsa jiki shi kaɗai rabonsa kusan kashi 2 ne kacal, adadin da kan ba mai karatu mamaki. Sai dai a cikin jerin akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, ciwon damuwa da kaɗaici, kuma babu ɗaya daga cikinsu da motsi ba ya taɓawa.

Hanya ta biyu ta shafi naman ƙwaƙwalwar kansa. Akwai wani ɗan sashe a cikinta da ake kira hifokamfus, wanda shi ke karɓar sabon abu ya ajiye, kuma yana cikin wuraren da cutar Alzheimer ke fara ci. Shi ya sa mai lalurar kan iya ba da labarin yunwar da aka yi yana yaro dalla-dalla, amma ya manta ya ci tuwon rana. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye tun 1999 sun nuna gudu yana ƙara haihuwar sababbin ƙwayoyi a wannan sashe, kuma yana ƙara wani sinadari mai suna BDNF da ke raya ƙwayoyin. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa suka gwada abin a kan tsofaffi 120 a Amurka. Rabinsu sun yi tafiyar ƙafa ta minti 40 sau uku a mako har shekara guda, sai hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na waɗanda suka tsaya ga miƙe gaɓoɓi kawai kuwa ya ragu da kusan kashi 1.4.

Abin da gwaji ya nuna

Binciken da ke bin mutane shekara da shekaru kusan duk bakinsu ɗaya: masu motsi sun fi tsira. Wani da aka buga a 2022 a kan mutum sama da 78,000 a Birtaniya ya danganta taku 9,800 a rana da raguwar haɗari da rabi, taku 3,800 kuwa da raguwar kashi ɗaya cikin huɗu. Amma irin wannan alaƙa tana da tarko. Nazarin Whitehall na biyu, wanda ya bi ma'aikatan gwamnati 10,308 a Landan har shekara 28, ya gano cewa waɗanda daga baya suka kamu sun fara rage motsi tun kimanin shekara tara kafin likita ya tabbatar da ciwon. Wato wani lokaci ciwon ne ke zaunar da mutum tun bai bayyana ba, sai a zaci zaman ne ya kawo shi. Wannan batu yana da amfani ga iyali: dattijon da ya daina leƙa gona, ya daina zuwa majalisa ba tare da ciwon ƙafa ko wani dalili ba, ya cancanci a duba shi.

Gwajin da ya fi ƙarfafa gwiwa shi ne FINGER na ƙasar Finlan, wanda Miia Kivipelto ta jagoranta aka buga a 2015. An ɗauki mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 da ke cikin haɗari, aka haɗa wa rabinsu motsa jiki, gyaran abinci, wasa ƙwaƙwalwa da sa ido kan hawan jini har shekara biyu, kuma suka fi sauran a gwajin tunani. Ba za a iya ware rabon motsa jiki daga sauran ba, domin a dunƙule aka ba su. A kan irin waɗannan hujjoji Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya masu lafiyar tunani, a 2019, da su riƙa motsa jiki don rage haɗarin. Ma'aunin da ta bayar a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato wanda ke sa numfashi ya ɗan hau amma mutum na iya magana, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, sannan ga masu shekara 65 zuwa sama a ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku.

Noma, daka da ranar da aka ajiye fartanya

Duk waɗannan alƙaluma na motsa jiki daga biranen Turai da Amurka suka fito, inda matsalar ita ce yadda za a tayar da wanda ya shekara talatin a kan kujerar ofis. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na jihar Kano wata duniya ce dabam. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 145,000, Kibiya kuma sama da 136,000, kuma dokar masarautu ta 2024 ta haɗa su da Bunkure ƙarƙashin Masarautar Rano. Galibin jama'ar manoma ne na dawa, gero, masara, gyaɗa, wake da shinkafa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kafu a yankin, musamman ta wajen Bunkure, Kura da Garun Malam, ya ba mutane da yawa aikin yi a watannin da dā ake zaman jiran damina. Mutumin da ya tashi da sharar gona, shuka, noman fari, maimai, huɗa da girbi, in aka ce masa ya riƙa tafiyar minti 30 a rana don lafiyarsa, dariya zai yi, kuma yana da hujja.

Duk da haka aikin wahala da motsa jiki na lafiya ba lallai su zama abu ɗaya ba. Wani nazari a kan maza sama da 4,000 a Kwafanhagan ta ƙasar Denmak, da aka fitar a 2020, ya sami haɗarin gigin tsufa ya fi da kashi 55 cikin 100 a tsakanin masu aikin ƙarfi idan aka kwatanta da masu aikin zaune. Bayanin da ake bayarwa shi ne ɗaukar kaya da duƙawa na sa'o'i ba hutu suna riƙe bugun zuciya da hawan jini a sama tsawon yini, ga kuma talauci da ƙarancin karatu da ke tafiya tare da irin wannan aiki. A ɗaya ɓangaren, ƙabilar Tsimane ta ƙasar Boliviya, masu rayuwa da noma, farauta da su, an sami lalurar a kusan kashi 1 cikin 100 na tsofaffinsu a binciken 2022, ɗaya daga cikin mafi ƙaranci da aka taɓa aunawa. Manomin Rano ko na Kibiya ya fi kama da 'yan Tsimane ta fuskar yawan tafiya, amma abincinsa da hanyar sufurinsa suna sauyawa da sauri: gishiri da sinadarin ɗanɗano sun yawaita a miya, lemon kwalba ya shiga biki da suna, babur ya maye gurbin sawu zuwa gona da kasuwa.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne lokacin da aikin ke tsayawa. A al'adar Hausawa, ɗa nagari shi ne wanda ya hutar da iyayensa. Da 'ya'ya sun kawo ƙarfi sai a ce, "Baba, ka zauna ka huta, mun ɗauke maka," a karɓi fartanya a shimfiɗa masa tabarma a zaure ko gindin darbejiya. Niyyar kyakkyawa ce, kuma wanda ya bar tsohonsa yana noma yakan sha zunɗe a gari. Amma a jiki, abin da ya faru shi ne mutumin da ke motsi sa'a shida a rana ya koma kusan sifiri cikin damina ɗaya, a daidai shekarun da hawan jini da suga ke kunno kai. Tsoka takan zube da sauri a waɗannan shekaru, gwiwa ta ƙage, sai zaman da aka fara don girmamawa ya zama dole. Tare da gonar kuma yakan rasa abubuwan da ke wasa masa ƙwaƙwalwa: lissafin taki da iri, shawarar ranar shuka, ciniki da 'yan ƙwadago, gardamar farashi.

Abin da ke ceton maza da yawa shi ne masallaci. Wanda gidansa ke da tafiyar minti biyar zuwa masallaci, in yana halartar jam'i biyar, ya yi tafiyar minti 50 ke nan a rana ba tare da ya kira ta motsa jiki ba. Raka'a 17 na farilla kuma suna ɗauke da tsayuwa, ruku'u, sujada 34 da tashi daga ƙasa, wanda kusan shi ne atisayen da masu gashin ƙashi ke koya wa tsofaffi don ƙarfin cinya da daidaita tsayuwa. Salla ba ta kai bugun zuciya matakin da ake nema, don haka ba ta wadatar ita kaɗai. Amfaninta shi ne ba ta yankewa, rani da damina, kuma tana fitar da mutum cikin jama'a.

Lamarin mata ya fi tsanani, ga shi kuma lalurar ta fi yawa a cikinsu a duk duniya. Aikin da ya riƙe jikin matan karkara shekaru aru-aru shi ne daka, surfe, sussuka, niƙa, jan ruwa a rijiya da wanki. Injin niƙa da na casa sun ɗauke kaso mai yawa, abin da babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da shi, sai dai ba a sami abin da ya maye gurbin motsin ba. Idan aka kawo suruka gida, uwar miji takan ajiye girki, daga nan sai ɗaki da tsakar gida, kuma mafi yawan mata a gida suke salla. Ƙofar da al'ada ta bar musu a buɗe ita ce, tsohuwa ta fi matar aure 'yancin fita: barka, biki, gaisuwar mutuwa, dubiya, makarantar Islamiyya, wasu har kasuwa. Wannan zirga-zirga ta zumunci ita ce motsa jikin tsofaffin mata na haƙiƙa, kuma duk jikan da ya ɗauko babur don kai kakarsa unguwar da ƙafa za ta iya kai ta, ya rage mata wani abu ba da saninsa ba.

Bayan ciwon ya bayyana

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan da alƙawari. Gwajin DAPA da aka yi a Ingila aka buga a 2018 ya ɗauki mutum 494 masu lalurar a matakin farko da na tsakiya, ya sa kaso mafi yawa a atisaye mai ɗan tsanani na wata huɗu tare da ci gaba da ƙarfafa musu gwiwa. Jikinsu ya yi ƙarfi, amma bayan shekara guda tunaninsu bai fi na sauran ba, har ma ya ɗan fi raguwa kaɗan. Wani gwaji a Finlan a 2013, kan mutum 210 masu cutar Alzheimer da ke zaune a gidajensu, ya nuna atisayen gida sau biyu a mako ya jinkirta rasa ikon kula da kai, ya kuma rage faɗuwa. Abin da za a iya gaya wa iyali da gaskiya shi ne motsi ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma zai iya tsawaita lokacin da tsoho ke kai kansa banɗaki, yake yin alwala da kansa, yake barci da dare. Ga matar da ke jinya, wadda galibi 'ya ce ko suruka, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da aka fi yi a gidaje shi ne akasin haka. Saboda tsoron ɓata, ko kunyar abin da zai faɗa a waje, akan rufe mai lalurar a ɗaki. A wuraren da ke da rijiyoyi, kududdufai da hanyoyin ruwan noman rani, tsoron yana da tushe. Sai dai kulle yana ƙara fitina da rashin barci, yana kuma gaggauta kwanciya. Mafita mai sauƙi ita ce fita da rakiya: jika ya riƙe hannun kakansa zuwa masallaci ko bakin gona, a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, domin sabo yakan daɗe bayan tunani ya raunana. Ayyukan da hannu ya riga ya haddace su ma suna da amfani, irin su ɓarar gyaɗa, tsince wake, shara, ba awaki dusa da ruwa. Tashi da zama daga kujera sau goma, safe da yamma, yana riƙe ƙarfin cinya.

Yanayi yana da nasa sharaɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, kuma mai gigin tsufa yakan manta ƙishirwa, don haka tafiya sai bayan asuba ko bayan la'asar, a kuma miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba. Da hunturu ƙura da sanyin safiya kan tayar da tari, gara a bari rana ta ɗaga. Silifas mai santsi, yanar ido da raunin ji suna jawo faɗuwa, kuma biyun ƙarshe suna cikin abubuwa 14 da aka ambata. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alama ce ta a tsaya a nemi ma'aikacin lafiya. Haka nan ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, galibi zazzaɓin cizon sauro ne, ciwon fitsari, faɗuwar suga ko shanyewar jiki, kuma tana buƙatar asibiti a ranar.

Inda aikin zai zauna

Ƙwararrun ƙwaƙwalwa suna cikin birnin Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Mutumin Kibiya ko ƙauyukan Rano yakan fara ne da ƙaramin asibitin mazaɓarsa, sannan Babban Asibitin Rano. Saboda haka abin da zai yi tasiri shi ne wanda ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya ɗauka. Akwai misali daga karkarar ƙasar Sin: a gwajin da aka buga a 2025, wanda ya shafi kusan mutum 34,000 a ƙauyuka 326, ma'aikatan lafiya na ƙauye da ba likitoci ba sun sauke hawan jinin jama'a da magani da shawarwari, kuma cikin shekara huɗu gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100. Awon jini a ƙofar masallacin Juma'a ko a Islamiyyar mata, tare da tambaya ɗaya game da yawan fitar tsoho, abu ne da ya fi dacewa da aljihun ƙaramar hukuma fiye da gina wurin atisaye. Limamai, dagatai da masu unguwanni su ne za su iya faɗa wa magidanta cewa barin Baba ya riƙe 'yar gonar bayan gida ba rashin tarbiyya ba ne, a kuma saurare su.

Masu bincike kuma suna da gyaran da za su yi wa kayan awonsu. Gwajin tunani da aka fi amfani da shi a asibitoci, MMSE na 1975, yana neman a karanta jimla, a rubuta wata, a faɗi kwanan wata na Bature, don haka yakan kayar da tsohon da hankalinsa ƙalau amma bai yi boko ba, ko da ya haddace izu sittin yana kuma rubuta ajami. Gwajin IDEA, da aka tsara a Tanzaniya aka kuma jarraba a Nijeriya don marasa karatun boko, ya fi kusa da buƙata. Takardun tambaya kan motsa jiki su ma sukan tambayi wasanni da atisayen nishaɗi, inda manomi da mai daka za su amsa da babu. Tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce ta nisan gona da masallaci, da abin da ake hawa zuwa can, da shekarar da aka daina noma ko girki. Dole ne kuma a auna sau biyu a shekara, domin takun mutum ɗaya a watan Agusta, lokacin da aikin gona ya kankama, ya sha bamban da nasa a watan Maris.